Tsakanin Bakin Talaka da Kunnen Sarki

Na daɗe ban ji kiran gyartai a garin nan ba. A da, hantsi na ɗagawa sai ka ji murya daga bayan danga tana cewa a fito da fasassun ƙorai, mata kuma su yi ta fitowa, wannan da masakin da ya tsage, waccan da ludayi, wata da ƙwaryar tatsa wadda saniya ta shura. Gyartai ya zauna gindin bango ya ɗora basillarsa bisa garwashi, ka ji ƙaurin ƙwarya in ƙarfe mai zafi ya huda ta, ka ji ƙarar zaren kaba yana wucewa ta rami. Yanzu roba ta cika kasuwar Tasawa tun daga bakin tasha. In ta fashe a wurga ta bayan gida a sayo wata. Jikokina ba su taɓa shan hura a ƙwarya mai ɗinki ba, kuma in na ce musu akwai mutanen da wannan ce sana'arsu sai su yi dariya, su ɗauka wasa nake yi.

Ƙofar gidana akwai samari da ke da fada, wato majalisarsu ta hira, suna dafa shayi bayan la'asar. Yaran kirki ne, suna gaishe ni, suna miƙo mini kofin farko. Kwanaki na ji sun kunna wani abu a salula, wayar nan ta hannu, murya ce mai kauri ana kiɗa a hankali bayanta, tana karanto maganganun masu hikima da sarakunan zamanin da can, abin da suka ce a kan haƙuri da mutuwa da riƙon amana. Suka yi tsit suna saurare, wani yana kaɗa kai. Da aka gama, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce, "Baba, kai da ka yi lakwal, ka sha boko tun zamanin da, mu namu sarakunan ba su bar magana ba ne? Kullum sai na wasu ƙasashe." Na ce masa sun bari, na tashi na shiga gida, shayin ma ban ƙarasa ba. Na san mutumin da ya riƙe waɗannan maganganu a ƙirjinsa kamar hatsi a rumbu, kuma ni na sa ya rufe rumbun.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata, Nomau. Ubana ya rasu ina rarrafe, sai ya ɗauko mu ya kawo mu gidansa, a wani ƙauye da ke gefen Baoudetta. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani gyartai. Dogo ne, siriri, yatsunsa duk tabon wuta. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, karatun allonsa ma bai wuce abin salla ba. Amma in gardama ta tashi a gari, a kan iyakar gona ko ɓarnar dabbobi, shi ake kira, don an san bai iya cewa ya ga abin da bai gani ba. Gindin wani gawo da ke bakin gari yake zama da kayan aikinsa. Nan muke kewaye shi, ni da ɗiyarsa Tsahara, taubashiyata, da duk wanda zafin rana ya koro. Mata na daka a cikin gidaje, lugude yana amsa lugude, zabi na kuka a cikin karan gona, shi kuwa yana huda ƙwarya yana magana, ba ya ko ɗaga kai.

Sarakunansa ba su da suna. Sai dai ya ce, "An yi wani sarki, tun kakan kakana bai san hannunsa na dama ba." Ya ce daga bakin kakansa ya ji, shi kuma daga wani tsohon bafade da ya tsufa ya koma ƙauye. Akwai sarkin da in masu ƙara biyu sun zo gabansa sai ya sa su sauya tabarma, kowa ya zauna wurin ɗan'uwansa, kana ya ce su fara magana. Akwai wanda ya hana a gina masa rumbu mafi tsawo a gari, ya ce sarkin da rumbunsa ya fi na kowa tsawo daga nesa maƙiya ke hango shi, daga kusa talakawa. Akwai wanda ya yi kuka ranar da aka naɗa shi, aka tambaye shi dalili, ya ce daga yau ba mai sake gaya mini ina da kwantsa a ido. Wanda ya fi maimaitawa shi ne na wani tsohon sarki da fadawa suka tambaya me ya fi tsoro, yaƙi ko yunwa. Ya ce ba ko ɗaya. Abin da ya fi tsoro shi ne tazarar da ke tsakanin bakin talaka da kunnensa, don a cikin wannan ƴar tazara ake kashe mutane ba da takobi ba. In Kawu ya faɗi wannan sai ya ja zare ya ɗaure, ya miƙa wa mai ƙwarya kayanta, ya ce, "Ki zuba ruwa ki gani." Lokacin ina jin daɗin labaran ne kawai, kamar yadda yaro ke jin daɗin tatsuniya.

Da aka zo ɗaukar yara lakwal, mutane suka ɓoye nasu a rumbuna. Kawu ya kama hannuna ya kai ni da kansa, ya ce ilimi ko a bakin wa ka same shi ka karɓa. Na yi karatu a Tasawa, na kuma yi gaba. Can muka samu wani mushe, haka muke kiran malamin boko, mai son littattafan mutanen da, yana karanta mana abin da masu tunani na ƙasashen nasara suka rubuta tun shekaru dubbai, har da wani sarki nasu da ke rubuta wa kansa nasiha a fagen yaƙi. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, na musamman ina kwafe maganganunsu, ina haddacewa. In na dawo hutu sai in tsaya gindin gawo da wando da takalmi, Kawu na ba da labarinsa, ni kuma ina jin kunya. Ina cewa a raina, waɗancan suna da suna da shekara da littafi, na Kawu kuwa ba wanda ya san ko an ma yi su. Sau ɗaya na faɗa masa haka a gaban mutane. Bai yi fushi ba. Ya ce, "To, ɗana, karanto mana na wajenku mu ji." Na fassara masa guda. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wanga mutum ya sha wuya. Da na san shi da mun yi hira." Ni na ɗauka bai gane ba ne.

Na gama karatu aka ɗauke ni akawu a buro, ofishin hukuma, kuma ni ne tafintan kumandan, mai mulkin yankin. Nasara sun riga sun tafi. Kumandan ɗan ƙasa ne amma mutumin yamma, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka duk abin da talaka ya faɗa ta bakina yake bi ya koma Faransanci. Shekaruna ashirin da ƴan kai. Ina da keke, ina da agogo, kuma ina son wata yarinya, ɗiyar wani Alhaji mai sayen gyaɗa a yankinmu. Ita ma tana sona. Abin da ya tsaya tsakaninmu shi ne ana raɗa cewa ni ɗan gidan gyartai ne, ko na yi boko.

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Arzika, maƙwabcin Kawu a gona. Yana saurayi ya tafi kudu cin rani, ya yi ciwo, ƴan mishan suka yi jinyarsa, ya dawo Kirista. Mutane suka yi surutu shekara ɗaya ko biyu suka gaji, don mutum ne mai sanyin hali, kuma ba a yin gayya a gari ba da shi ba. Ran Lahadi shi da iyalinsa da wasu gida biyu su taru a wata bukka su yi waƙoƙinsu, ran Litinin kowa ya ɗauki hauya. Gonarsa ce ta fi kowace kyau a wannan gefe, kwari ne mai riƙe ruwa, da gawuna bakwai a ciki. A shekarun da gyaɗa ke kuɗi, Alhaji ya sa ido a kanta. Ya ce asali ta kakansa ce, aro aka ba uban Arzika, yanzu yana son abinsa. Mai gari ya kasa raba su, magana ta kai buro, kumandan ya sa ranar da zai zo da kansa.

Ana saura kwana biyu Alhaji ya aiko mini da goro. Da na je godiya bai ce in yi ƙarya ba, wannan dole in faɗa don Allah na gani. Cewa ya yi, "Yaro, na ji kai ne bakin kumandan. Madalla. Ɗa na gari ya san gidan da zai shiga." Ya koma kan lissafin buhunansa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran duk ni na ƙarasa wa kaina a kan keke.

Ranar da kumandan ya zo, aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawon nan na Kawu, aka kawo tebur da kujera daga lakwal. Gari duka ya fito. Alhaji ya kawo shaidu uku, dukansu masu cin abinci a hannunsa, kowa ya ce ya ji daga ubansa cewa aro ne. Na fassara daidai. Aka ce Arzika ya kawo nasa. Ya ce shi mutum ɗaya gare shi. Kawu ya taso da tsohuwar rigarsa ta saƙi wadda ya ɗinke da hannunsa a kafaɗa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya dube ni da murmushi kamar mai cewa yau ga ranarmu.

Bai fara da gona ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, an yi wani sarki a ƙasar nan. Fadawa suka zo suka ce masa akwai wani arne da ke da gona mai kyau, ba ya salla, a karɓe a ba musulmi. Sarki ya ce a jira damina. Da ruwa ya sauka ya hau doki ya tahi gonar, ya ga hatsi ya yi baƙi ƙirin. Ya ce da fadawa, Mai ruwan bai tambaye shi addininsa ba kafin Ya shayar da gonarsa, ni wane ne da zan tambaya?" Har Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan Kawu ya ce, "Gonar ga kuwa, ina nan aka sare ta. Daji ne, ba na kowa ba. Uban Arzika ya sare, ni na taya shi ƙona itace, ina saurayi. Ga tabon a ƙafata. Gambar da ke iyakar gabas da hannuna na dasa rabinta. Ba ji na yi ba, da idona na gani."

Kumandan ya juyo ya dube ni, alƙalami a hannu. Na ga Alhaji ta gefen ido. Na ga rigar Kawu da ɗinkin kafaɗa. Na ce da Faransanci, tsohon ya ba da wata tatsuniya ta sarakunan da, wadda ba ta shafi shari'a ba. Game da gona kuma, ya ce ya ji ana cewa uban wannan mutum ne ya sare ta, amma abin ya daɗe. Kalma ɗaya na sauya, na ɗauke "na gani" na sa "na ji". Tabon ƙafa da gamba ban ambace su ba. Gardin kumandan, mai tsaronsa, wani tsohon soja da ke jin Faransanci kaɗan, yana tsaye bayan kujera. Ya dube ni, ya yi tsaki a hankali, ya kau da kai. Bai tona ni ba, ran nan ko bayanta.

Kumandan mutum ne mai son gaskiya, amma abin da aka zuba masa a kunne da shi zai yi aiki. Ya ce ji da ji ne, uku sun fi ɗaya. Arzika ya kwashe amfanin bana, baɗi gona ta koma wa Alhaji. Wannan ma ni na mayar da shi Hausa, da babbar murya, a gaban gari.

Da taro ya watse, kafin mota ta tashi, Kawu ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, in tambaye ka. Na yi magana mai tsawo, kai kuwa numfashi biyu ka yi ka gama. Harshen nasara gajere ne haka?"

Na ce, "Haka yake, Kawu. Kalma ɗaya tasu tana ɗauke da goma namu."

Ya ce, "Labarin sarkin ma ya ji?"

Na ce, "Ya ji duka."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "To. Ashe bakina ne ya mutu." Ya sake ni, ya ce in gaida mutanen buro.

Bayan kaka Arzika ya ɗaure kayansa bisa jakuna biyu. Kafin ya tafi ya biyo ta buro ranar kasuwa, da zabuwa a hannu, ƙafafunta ɗaure. Ya ce ya zo godiya ne, don na kai maganar Kawu gaban hukuma, abin da Allah Ya rubuta kuma ba mai kankarewa. Na karɓa. Na kai wa matar da ke dafa mini abinci, ta soya, na ci. Cikin duk abin da na aikata, wannan zabuwa ce ta fi dawo mini, har yau in an kawo naman zabo sai in ce haƙorina ke ciwo.

Arewa Arzika ya nufa, wajen Issawane, inda wani ɗan'uwan matarsa ya ba shi tudu, yashi ne zalla, ruwa kuma sai an roƙa. Ni kuwa kafin wata damina aka ɗaura mini aure da ɗiyar Alhaji. Ba wanda ya sake ambaton gidan gyartai. Matata mutumiyar kirki ce, ba ta san komai ba, mun zauna fiye da shekara hamsin ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Da babbar yunwa ta zo, wadda ta kashe shanu ta kori mutanen arewa, na ji an ce Arzika ya bar can ma. Ban tambayi inda ya nufa ba. Da Alhaji ya rasu aka raba gado, gonar ta faɗo a rabon matata. Hatsinta ƴaƴana suka ci suka girma, da kuɗin wakenta na saya musu kayan lakwal.

Kawu bai daina ɗinkin ƙwarya ba, amma ya daina magana. In an kira shi rabon gardama sai ya ce a nemi yaran zamani, shi tsoho ne, maganarsa ba ta da nauyi. In yara sun taru gindin gawo sun ce ya ba su labarin sarki, sai ya ce ya manta. Ni kuwa duk zuwan da na yi yana tarbata da murna, yana nuna ni ga baƙi, yana cewa ga ɗana da ke magana da kumandan baki da baki. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa. In zo da maganar a bakina, in gan shi ya sa an dama mini hura, sai in haɗiye. Na ce sai wani zuwa. Ina can wajen aiki aka aiko cewa ya rasu, ko jana'iza ban samu ba.

Da na aje aiki na koma kan tsofaffin littattafaina, har kayen nan na samartaka na tono daga akwati. Ina karantawa da idon tsufa sai na ga abin da yaro bai gani ba. Mutanen can da nake alfahari da su, a kan fushi da kwaɗayi da tsoron mutane suke magana, abin da sarakunan Kawu ke faɗa ke nan, sai dai su sun samu mai rubutawa. Na Kawu ni ne ya kamata in rubuta, ni kaɗai ne mai alƙalami a gidan. Na zauna na gwada, huɗu ko biyar kawai na iya tunawa cikin ɗaruruwa. Na haddace hikimar gabas da yamma, amma ranar da aka buƙaci kalma ɗaya ta gaskiya daga bakina, gyartai ya fi ni, shi da bai san ko harafi ɗaya na boko ba.

Bara matata ta rasu. Muddin tana raye ina gaya wa kaina don ita nake shiru, kada in ɓata mata sunan uba. Da aka yi sadakar arba'in wannan hujja ta ƙare. Na shiga mota na tafi wajen Mayahi, inda Tsahara ke zaune gidan ɗanta. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma tana jin muryata ta fara tsokana irin ta taubasai, wai bawanta ya zo gaisuwa hannu wofi. Na ce mata yau ba wasa ya kawo ni ba. Na faɗa mata duka, tun daga goro har zabuwa.

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi bayan wannan rana. Ko sau ɗaya bai zarge ka ba. Kansa yake zargi, yana cewa da ya bar labarin sarki ya tahi kai tsaye, da Arzika bai rasa gonarsa ba. Ƴaƴana sun tashi gabansa ba su san yana da labari ba. Wannan ma kai ka ci."

Na ce, "Ki yafe mini, Tsahara."

Ta ce, "Ni mi ka yi mini? Wanda ka yi wa yana ƙasa." Ta juyo da fuskarta wajen da nake. "Gonar tana hannun wa yanzu?"

Na ce, "Hannunmu."

Ta ce, "To mi ka zo nema wurina?"

Da na dawo na tara ƴaƴana na gaya musu. Babban ya tashi tsaye, ya ce gadon uwarsu ne, shari'a ta ba kakansu, ba za su biya laifin da ba su yi ba. Bai yi ƙarya ba. Na ce su ɗauki tawa ta gado da ke bakin hanya a madadin, ta fi kuɗi yanzu da gari ya matso. Aka yi wata biyu ana ja, ƙanwarsu ce ta shawo kansu. Har yau babban yana gaishe ni a tsaye.

Neman iyalin Arzika bai yi wuya ba, wannan ma ya ƙara mini kunya, don da na tambaya tun da can da na samu. Na je ƙaramar majami'ar da ke bayan kasuwa ran Lahadi, na tsaya waje har suka gama, na tambayi fastonsu. Kafin sati biyu ya kai ni wurin wani magini mai furfura a nan cikin Tasawa, Yohana, ɗan Arzika na fari. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban gidajen da ya gina. Muka zauna a zauren faston. Na faɗa masa abin da na faɗa wa Tsahara, ban rage ba. Ya saurara hannuwansa bisa gwiwa, farar ƙasa a farcensa.

Ya ce, "Ina nan ran nan. Ina bayan Baba, riƙe da rigarsa. Na tuna ka, kana da agogo."

Na ce na zo in mayar da gonar, da takarda, gaban mai gari da shaidu.

Ya ce, "Mu biyar muka bar garin. Da yunwa ta koro mu daga arewa, ƙannena mata biyu a hanya muka binne su, ban ma san wurin ba yanzu. Baba ya ƙare yana ɗaukar kaya a tasha." Fasto ya fara magana a kan gafara, Yohana ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Na san abin da aka umarce ni, Fasto. Zan yi, amma ba yau ba." Ya dube ni. "Gonar zan karɓa, don ta ubana ce. Ba kyauta ka yi mini ba."

Na ce, "Ba kyauta ba ce."

An yi takarda kafin ruwan farko. Ƴaƴan Yohana biyu suka shuka ta bana, hatsi da wake, kuma damina ta yi kyau. Na ji an ce sun ɗaure dami fiye da yadda muka taɓa samu. Yohana yana bi ta ƙofar gidana kusan kullum in zai tafi wurin gini. Yana tsayawa ya ce, "Ina kwana, Baba, ina gajiya," in amsa, in matsa gefe in nuna masa wuri bisa tabarma. Sai ya ce aiki na jiransa, ya wuce. Wata bakwai ke nan, bai zauna ba tukuna.